Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Renon Itatuwa Masu 'Ya'ya

An umarce ni in yi muku bayani a kan itatuwa masu 'ya'ya da yadda ake renonsu. Wajen abin da ya shafi addini tuni kawai zan yi, gama a cikinku akwai waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci dabino da inabi da rumman da zaitun da ɓaure, har sura ta 95 da sunan ɓaure aka san ta. Sayyidina Abubakar kuma, sa'ad da ya aika da runduna zuwa Sham, ya hana su sare itace mai 'ya'ya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. To, abin da aka hana a fagen yaƙi, ina ga zaman lafiya?

Hadisin da ya fi shafarmu yau shi ne wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas. Ma'anarsa, Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Ku duba, da ci aka rataya ladan. Wani zai ce ai akuyar da ta cinye dashen tun yana ƙarami ita ma dabba ce. Haka ne, amma sau ɗaya ta ci, mangwaron da ya rayu kuwa sai ya haura shekara 50 ana sha. Abin da ke damunmu shi ne, a kan dasa da yawa da damina, bazara na yi sai a tarar da ramuka.

Kada kuma a ce dabarar noma ta saɓa wa tawakkali. Muslim ya ruwaito cewa mutanen Madina sun taɓa barin barbarar dabinonsu, amfanin shekarar ya lalace, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar musu da al'amarin sana'arsu, don su suka fi saninsa. Barbarar nan har yau ita ce. Dabino akwai namiji akwai mace. In kwanson furen macen ya tsage, a cikin kwana 2 ko 3 sai a yanko zangarniyar namijin a cusa a ciki, a ɗaure sako-sako. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, ba zai gane ba kuwa sai bayan shekaru. Don haka gara a ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwar da aka san kyanta. Mutanen Dutse da na Bilma ba sa bukatar a gaya musu wannan.

Zaitun itacen ƙasashen Bahar Rum ne, yana son sanyi mai tsawo kafin ya yi fure. Amma hadisin bai ware wani iri ba. Mangwaro da lemo da gwaiba da rumman duk sun shiga.

Rami a haƙa shi tun kafin ruwa ya sauka, ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi. Ƙasar sama a ware ta, a gauraya da ruɓaɓɓen taki kwando ɗaya, a mayar. A yi dashe in damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar ƙafa 30, lemo da gwaiba ƙafa 20. Mangwaro ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa ya fi haka daɗewa. Gaɓar auren a bar ta a sama da ƙasa, duk reshen da ya fito ƙarƙashinta a cire shi.

Maganar taki ita ce inda aka fi kuskure. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A tara shi a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa, sai ya yi baƙi, zafinsa ya fita. Na biyu, mutane sukan jibga taki a jikin gindi, alhali ƙananan saiwoyin da ke sha suna can daidai inda inuwar rassa ta tsaya da tsakar rana. A nan za a yi zobe, a zuba, a rufe da ƙasa. Takin zamani, irin NPK 15-15-15, cikin tafin hannu ɗaya ya ishi dashen shekarar fari, sau 2, da farkon damina da kuma kafin ruwa ya ɗauke, sai a riƙa ƙarawa yadda itacen ke girma. Ba a zuba shi a busasshiyar ƙasa. Babban mangwaro in aka cika masa yuriya, ganye zai yi ta yi, fure kaɗan. Lemo kuwa in aka tara masa ƙasa ko ruwa a wuya, ɓawonsa yakan ruɓe yana tsattsafo da ƙaro.

Rani biyu na fari su ne masu kisa. A kewaye dashe da ƙaya ko kara saboda awaki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayensa, ban da jikin gindi. Inda ruwa ke da wuya, a binne tulu a gefensa har wuya, a riƙa cikawa, a rufe bakin. Yana tsattsafowa a hankali. Furen da ƙaramin dashe ya yi a shekara 2 na fari a tsinke shi, ko da da ciwo a rai, don itacen ya yi jiki. Kauci kuwa, da an gan shi a sare reshen.

Ranku ya daɗe, roƙona ga hakimai shi ne kowane dashe na makaranta ko masallaci ko kasuwa a danƙa shi ga mutum guda da sunansa, ta hannun dagaci ko mai unguwa. Malamai kuma su buɗe littafi, su rubuta wuri da iri da ranar dashe da sunan mai reno. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, a zaga a ƙirga masu rai, wannan adadin shi za a aiko da shi cikin rahoto.