Darasin Rediyo na Yaƙi da Jahilci: Mai Gadin Waya, na Gaske da na Jabu

Muna gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Arewa: na Dogon Dutsi da Matankari da Ɗan Kasari, da na Tibiri da Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme. Ku matso kusa da akwatin rediyo, kowa ya fito da wayarsa, domin darasin yau a kanta yake.

Ƴan'uwa, wayar salula ta zama rumbu na biyu a gidajenmu. Ta cikinta ɗan ci-rani yake aiko da kuɗin cefane daga Legas ko Kwatano ko Abijan. Ta cikinta manomi yake jin farashin wake da gero kafin ya ɗaura wa amalanke shanu. To, duk inda rumbu yake, ɓera yana kusa.

Ɓeran waya shi ne abin da ake kira birus, wato ƙwayar cutar waya. Wata ƴar manhaja ce da mugun mutum ya ƙera. Iri biyu ne suka fi damunmu. Akwai mai talla: hotuna su yi ta faɗowa a fuskar waya, batir ya ƙare da wuri, megar da ka saya ta zube kamar ruwa a rariya. Akwai kuma ɓarawo: yana karanta saƙonninka, ko ya sa ka cikin wani tsari na biya ba da saninka ba, kuɗin kiranka su riƙa raguwa.

Ga tambayar yau. Shin ya kamata mutum ya sa wa wayarsa wata manhaja ta gadi ko ta shara, wadda ake kira antibirus?

Abu na farko da ya kamata ku sani: wayarku ta zo da mai gadinta. Duk wayar Android mai Play Store, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, tana da mai gadi da ake kira Play Protect, wanda kamfanin Google ya fito da shi a shekarar 2017. Yana bincikar manhajojin da ke cikin waya, kuma ba a biyan ko dala.

Abu na biyu: masu gadin da ake tallatawa kyauta, da yawansu jabu ne. A shekarar 2019 wata cibiyar gwaji ta ƙasar Ostiriya mai suna AV-Comparatives ta gwada manhajojin gadi 250 da ke Play Store. Guda 80 kawai suka iya kama abin da ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin da aka sa musu ba tare da yi wa manhaja mai lafiya ƙazafi ba. Ku lissafa da kanku a kan allo: 250 a ɗebe 80, saura 170. Waɗannan sun yi kama da garin maganin ƙwari marar takarda da ake auna wa mutane a kasuwa: ka biya, ka barbaɗa, ƙwari su ci waken su ƙoshi.

Wani lokaci ma mai gadin shi ne ɓarnar. A watan Fabrairu na 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da suke cika wa mutane waya da shi, har da na kamfanin da ya yi Clean Master, wadda mutane da yawa suka sa don share waya. A 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast ya biya dalar Amurka miliyan 16 da rabi, saboda ya sayar da labarin wuraren da masu amfani da shi suke shiga a intanet. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Saboda haka amsarmu ita ce: manomi ko ƴar kasuwa mai waya ba ya bukatar ƙarin mai gadi. Abin da yake bukata shi ne rufe ƙofa. Kun san buhun nan mai ninki uku da ake adana wake a ciki. Ba a sa masa magani. Ana ɗaure bakinsa tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Haka za ku yi wa waya, ta hanyoyi biyar.

Na ɗaya, in ka kai waya wurin mai caji ko mai turin waƙoƙi, ka ce masa waƙa da wa'azi kawai kake so, kada ya tura maka manhaja ta Xender ko ta katin memori. Manhaja daga Play Store ake ɗauko ta.

Na biyu, ku guji WhatsApp na jabu, irin su GBWhatsApp. Ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, kuma yana iya rufe lambar mai amfani da su.

Na uku, in jan rubutu ya faɗo yana cewa wayarka ta kamu da ƙwayoyi kaza, danna nan, to ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya bincikar cikin wayarka. Rufe shi. Haka saƙon da ke alkawarin mega kyauta: banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na huɗu, ku koyi karanta kalmomin nan na Faransanci. Malam zai rubuta su a allo. «Installer», shigar da manhaja. «Autoriser», na yarda. «Refuser», na ƙi. «Désinstaller», cire manhaja. In manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙonninka, me ya haɗa fitila da wasiƙa? Ka ƙi, ka cire ta.

Na biyar, lambar sirrinka ta kuɗi taka ce kai kaɗai. Wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka faɗa masa lamba, kashe wayar. Babu antibirus a duniya da zai tsare wanda ya ba da lambarsa da bakinsa. Wannan ya shafi har masu ƙaramar waya mai maɓallai.

To, yaushe maganin waje yake da amfani? Sai in cuta ta riga ta shiga, an cire manhajar da ake tuhuma amma talla bai daina ba. A nan a nemi sanannen magani irin Malwarebytes daga Play Store, a yi bincike sau ɗaya. In ya gagara, a kwashe hotuna da lambobi, a mai da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Ga ma'aikatan ofisoshin magajin gari da makarantu da gidajen likita masu kwamfuta: Windows 10 da 11 suna ɗauke da mai gadinsu, Microsoft Defender, kuma ya isa in ana haɗa kwamfutar da intanet tana sabunta kanta. Amma ku tuna, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma tsai da kulawar yau da kullum ga Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Tsohuwar kwamfuta irin wannan, wadda kowa ke soka wa kile, a nemi masani ya duba ta. Kada kuma a haɗa masu gadi biyu a kwamfuta ɗaya, faɗa za su yi ta yi, aiki ya tsaya.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta kalmomin nan huɗu a littafinsa da ma'anarsu. Sannan ku buɗe Play Store tare da malam, ku taɓa hoton da ke sama ta dama, ku nemi Play Protect, ku tabbata a kunne yake. Wanda ya iya ya koya wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.