Yadda Mutanen Denmak Suka Haɗa Kai Wajen Ɗumama Gidajensu



Wannan jawabi zai yi bayani ne a kan wata 'yar ƙaramar ƙasa ta arewacin Turai, watau Denmak, da irin dabarar da mutanenta suka yi har suka daina dogara ga man fetur wajen ɗumama gidajensu. A can sanyin hunturu ba abin wasa ba ne. Cikin watan Janairu ruwa yakan daskare a sarari, gida kuwa yana bukatar ɗumi wajen wata bakwai a shekara. Saboda haka kuɗin ɗumama ɗaki a wurinsu tilas ne kamar kuɗin abinci.

Kafin shekarar 1973, fiye da kashi 90 daga cikin 100 na makamashin da ƙasar take amfani da shi man da take sayowa daga waje ne. Gidaje masu yawa kowane da tasa tukunyar dafa ruwa mai cin mai, a ƙarƙashin bene. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila cikin watan Oktoba na wannan shekara, sai kuɗin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Abin ya yi tsanani har Gwamnati ta hana tuƙa mota ran Lahadi, daga Nuwamba 1973 zuwa Fabrairu 1974.

Da aka zauna aka yi lissafi, sai aka ga ashe ɓarna ce take cin rabo mafi tsoka. Tashar lantarki irin ta da, idan ta ƙona mai ko kwal, abin da yake zama wuta bai wuce kashi 40 daga cikin 100 ba. Sauran zafin sai a zubar da shi cikin teku ko ya bi iska, alhali kuwa ga gidaje nan kusa da tashar suna sayen mai don su sami wannan zafi da ake zubarwa. Gidajen su kansu kamar kwando suke, ɗumin da aka saya da tsada yana zurarewa ta rufi da bango da taga.

Maganin farko shi ne doka. Cikin 1979 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar samar da ɗumi, wadda ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin ta auna bukatar yankinta unguwa unguwa, sa'an nan ta yanke inda za a shimfiɗa bututun ruwan zafi da inda za a kai iskar gas. Har an ba hukumomin ikon su wajabta wa masu gidaje shiga tsarin, ikon da aka janye daga baya.

Yadda tsarin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana dafa ruwa a wuri ɗaya, a tura shi cikin bututu mai kauri da aka naɗe da abin tare zafi aka binne a ƙasa. Ruwan yakan isa gida da zafin wajen digiri 70 zuwa 80, ya ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, ya koma ta wani bututun ya huce zuwa wajen digiri 40, a sake dafa shi. Tashar da take ba da lantarki da ruwan zafi gaba ɗaya tana iya cin moriyar kusan kashi 90 daga cikin 100 na abin da ta ƙona. Dabarar ba sabuwa ba ce a ƙasar, domin tun 1903 garin Firedirikisbag yake ƙona shararsa yana aika zafin zuwa asibiti. Dokar 1979 ce ta mai da ita manufar ƙasa baki ɗaya.

Wani muhimmin abu kuma shi ne dokar ta hana cin riba a wannan sana'a. Kamfanin ruwan zafi ba ya karɓar abin da ya wuce kuɗin da ya kashe wajen aiki. Yawancin kamfanonin nan mallakar ƙananan hukumomi ne, ko kuwa na ƙungiyoyin gama-kai waɗanda masu gidajen suke zaɓen shugabanninsu. Mutumin da ya bar tukunyarsa ya shiga bututun unguwa ba shi da wurin gudu idan aka tsawwala masa kuɗi, don haka sai da ya tabbata ba za a cuce shi ba kafin ya yarda.

Magani na biyu shi ne gyaran gidajen. An tsananta ƙa'idodin gini a ƙarshen shekarun 1970, Gwamnati kuma ta ba da tallafi don a cusa abin tare zafi cikin rufi da bango, a sa tagogi masu gilashi ruɓi biyu. Tun daga 1997, duk mai son sayar da gida sai ya nuna wa mai saye takardar da ta bayyana yawan makamashin da gidan yake ci.

A yau wajen kashi biyu cikin uku na gidajen Denmak da ruwan bututu suke ɗumi, a babban birnin Kofanhegan kuwa abin ya kai kashi 98 daga cikin 100. Babban amfanin bututun shi ne bai damu da inda zafi ya fito ba, ana iya sauya abin da ake dafa ruwan da shi ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Tashar Amaga Bake da aka buɗe a Kofanhegan cikin 2017 shara take ƙonawa. A garin Silkebag, cikin 2016, an kafa faifayen tara zafin rana masu faɗin fiye da murabba'in mita 156,000. A Boyens an haƙa wani makeken rami mai cin ruwa wajen lita miliyan 200, a dafa shi da rana lokacin bazara, a rufe, a yi amfani da shi idan sanyi ya shigo. A Odense kuwa, zafin da yake fita daga rumbun kwamfutocin Facebook da aka buɗe a 2019 yana ɗumama dubban gidaje. Duk da haka akwai gardama a ƙasar, domin kaso mai yawa na zafin daga itacen da ake sayowa daga waje yake fitowa, wasu kuwa suna ganin wannan ma dogara ce ga wasu ƙasashe, ga kuma saran daji.

To, ina ruwan Nijeriya da wannan labari, tun da zafi ne ya fi damun jama'arta? Tashin kuɗin man nan na 1973 da ya jefa Denmak cikin wahala shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. Cikin 1979, shekarar da Denmak ta yi dokarta, Nijeriya ma ta yi dokar hana ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin mai, aka sa farkon 1984 ya zama wa'adi. Wa'adin ya wuce da shekaru masu yawa, wutar tana ci har yanzu a yankin Neja Dalta.

Bugu da ƙari, bangon da yake hana ɗumi fita a Turai shi ne yake hana zafi shiga a Kano ko Sakkwato. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana da sanyi da rana, yana da ɗumi a daren hunturu. Gidan bulo mai rufin kwano babu silin kuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Idan lantarki ya ɗauke, kowane gida ya ta da nasa janareta, daidai da yadda kowane gida a Denmak yake da tasa tukunya a da.

Abin da ya kamata mahalarta wannan taro su koma gida da shi abu uku ne. Masu tsara birane su auna bukatar makamashi unguwa unguwa kafin a yanka filaye. Hukumomin da suke ba da izinin gini su dubi kaurin bango da silin da inda taga ta fuskanta, kada su tsaya ga karɓar kuɗin takarda kawai. Mutanen unguwa kuma su yi shawarar haɗa kuɗin da suke kashewa a man janareta su kafa faifayen lantarki mai aiki da rana na tarayya, bisa sharaɗin kowa ya ga lissafi, ba wanda zai ci riba a kan maƙwabcinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.