Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi Daga Faifai: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 An umurce ni in yi muku bayani a kan wata wahala da ta ke samun ofisoshinku, watau ƙin tashin ƙaramar kwamfuta ta cinya sa'ad da aka sa mata faifan da za a sabunta babbar manhajarta da shi. Tun ran 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, masu son sauya manhaja su ke ta karo da wannan matsala.

Kwanakin baya na je wani ofishi, na tarar malami ya ɓata faifai huɗu, kowanne ya sa sai kwamfuta ta yi biris da shi. Har an yanke shawara a kai ta kasuwa a sayar. Da mu ka duba, ashe lafiyarta lau, laifin duk na yadda aka rubuta faifan ne. Sabo da haka roƙona gare ku, kada a yanke wa kwamfuta hukunci sai an bi bincike daki daki.

Amma kafin kome, ga gargaɗi. Ɗora sabuwar manhaja ya kan shafe abin da ke cikin rumbun kwamfuta. In wasiƙun da ku ke aika wa majalisar sarki, da sunayen dagatai da masu unguwa, da bayanin iyakokin gonaki su na ciki, lalle ne a kwafe su a wani wuri dabam tukuna. Hakimi ya tambayi malaminsa baki da baki, ya ga kwafin da idonsa, sa'an nan ya ba da izini.

To, mu fara da faifan, don a nan laifi ya fi yawa. Manhajar da a ke saukewa daga intanet ta kan zo ne a dunƙule cikin fayil guda, wanda sunansa ya ke ƙarewa da haruffan iso. Wannan fayil hoton faifai ne sukutum, da dukan abin da ke cikinsa, har da wani ɗan sashe na musamman wanda kwamfuta ta ke nema in za ta tashi. Tsarin wannan sashe shi a ke kira El Torito, kamfanonin IBM da Phoenix su ka fito da shi a 1995. Kuskuren da malamai su ke yi shi ne su jawo fayil ɗin su sa a faifai kamar yadda a ke kwafar wasiƙa ko hoto. Misalinsa kamar mutum ne ya kai tabarma zaure ya jingine ta a naɗe. Tabarma ta na zaure kam, amma baƙo bai sami wurin zama ba. Sai an shimfiɗa ta.

Gane wannan ba wuya. A sa faifan cikin kwamfuta mai aiki a buɗe shi. In fayil guda aka gani mai iso a ƙarshen sunansa, to, tabarma a naɗe ta ke, faifan ya ɓaci. In kuwa aka ga jakunkuna da yawa, irin su boot da efi da sources a faifan Windows, an yi daidai. Tun daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, akwai hanyar yin wannan aiki ba tare da neman wata manhaja ba. A danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Burn disc image, a kuma sa alama a wurin da aka rubuta Verify disc after burning, domin kwamfuta ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwada shi da na asali.

Sai girman faifai. Faifan CD ya na ɗaukar megabayit 700 ne kurum, DVD na yau da kullum gigabayit 4.7, mai hawa biyu kuwa gigabayit 8.5. Windows 11 ta fi ƙarfin DVD na yau da kullum, sai mai hawa biyu. Ubuntu ma tun 2012 ta daina shiga CD. Har wa yau a lura da saukewar. Inda intanet ya ke yankewa, fayil ya kan iso da giɓi ba a sani ba. Masu manhaja su kan buga wata doguwar lamba da a ke kira SHA256 a shafin da a ke saukewa. In malami ya fitar da lambar fayil ɗinsa ta saɓa da tasu ko da harafi ɗaya ne, sai ya sake saukewa. In an zo rubutawa kuma, a zaɓi gudu mafi ƙanƙanta da manhajar ta yarda da shi. Jinkirin 'yan mintoci ne, ya fi asarar faifai.

In faifai ya fita daga zargi, sai a koma ga kwamfutar. Ku hakimai kun san tsarin gaisuwa a fada, kowa da lokacin shigarsa, ba mai tsallake na gabansa. Haka kwamfuta ta ke da jeri na wuraren da ta ke dubawa in an kunna ta. In rumbunta ne a gaba, da ta sami tsohuwar manhaja a can sai ta tashi da ita, ba ta ko waiwayi faifai ba. Maganinsa a sa faifan, a sake kunna kwamfutar, da sunan kamfani ya bayyana a allo sai a yi ta danna maɓallin zaɓi ba ƙaƙƙautawa. A Dell da Lenovo galibi F12 ne, a HP F9, a Asus kuwa Esc. Jeri zai fito, a zaɓi gidan faifai. In kwamfutar ta na saurin wucewa, a bar ta ta tashi, a riƙe maɓallin Shift a danna Restart, sa'an nan a zaɓi Use a device.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ke ruɗin mutane. Faifan Windows ya kan rubuta da Turanci cewa a danna kowane maɓalli in a na so a tashi daga faifai, ya jira 'yan daƙiƙu kaɗan. Malamin da ya juya ya na amsa sallama ya rasa wannan dama. Amma sau ɗaya a ke dannawa. In aiki ya yi nisa kwamfuta ta sake kunna kanta, rubutun ya sake fitowa, kada a taɓa kome, in ba haka ba aiki ya koma farko.

Yanzu mun zo wurin da ya ke bukatar hankali. Tsofaffin kwamfutoci su na tashi ne da wani tsari da a ke kira BIOS. Tun daga Windows 8, a 2012, sababbi su ka koma tsarin UEFI, tare da wani mai tsaron ƙofa da a ke kira Secure Boot, wanda ba ya karɓar manhaja sai mai hatimin da ya sani. Faifan Windows 7 ba ya wucewa gabansa, haka waɗansu ire-iren Linux. A na iya shiga saitin kwamfutar, galibi da F2, ko F10 a HP, a dakatar da shi, ko a kunna tsohon tsari in akwai, wanda a ke rubutawa Legacy ko CSM. Sai dai ni shawarata, kada malami ya taɓa wannan wuri shi kaɗai. Dalili kuwa, in rumbun a kulle ya ke da BitLocker, sauya saitin ya kan sa kwamfuta ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. In ba a tanadi wannan mabuɗi ba, takardun ofis su na ciki amma ba mai iya kai gare su. A nemo mabuɗin a rubuta a takarda tukuna, a kuma rubuta kowane saiti yadda aka same shi, don a iya mai da shi.

A tuna kuma, Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta hawa kowace kwamfuta. Ta na bukatar inji mai bit 64 da wani abin tsaro da a ke kira TPM 2.0. Tsohuwar kwamfuta ta na iya tashi daga faifan sarai, sa'an nan ta ce ba ta cika sharaɗi ba. Wannan ba laifin faifai ba ne.

Saura gidan faifan kansa. A cikinsa akwai ɗan ido wanda haske ya ke bi ya karanta rubutu, ƙurar hunturu kuwa ba ta ƙyale shi. A goge shi a hankali da auduga mai laushi. Faifai ma a goge shi daga tsakiya zuwa gefe, ba zagaye ba, kada kuma a bar shi a rana ko cikin mota. Abin mamaki, hasken da ke karanta CD dabam, na DVD dabam, ɗaya ya na iya mutuwa ɗaya na aiki. Don haka wai gidan ya karanta faifan CD jiya, ba shaida ba ce cewa zai karanta DVD yau.

In a na son raba gardama, a kai faifan wata kwamfuta. In ta tashi da shi, faifai ya kuɓuta, zargi ya koma kan taku. Amma a tsaya a shafin farko a fitar da shi, kada garin gwaji a shafe wa maƙwabci kayansa.

In ta tabbata gidan faifai ya mutu, ba sai an yar da kwamfuta ba. Yawancin sababbi ma ba a yin su da shi. A nemi filashi mai gigabayit 8 ko fiye, a ɗora fayil ɗin a kansa da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, a tashi daga gare shi ta hanyar maɓallin zaɓin nan da na ambata. Sai dai Rufus ta na shafe duk abin da ke kan filashin, sabo da haka kada a yi amfani da wanda aka kwafe takardun ofis a ciki.

Ranku ya daɗe, iyakar bayanina ke nan. Malamin da ya zo da faifansa, ya kawo shi gaba mu buɗe mu duba tare.