Littafi Ɗaya, Ɗalibai Arba'in: Yadda Manhajojin Linux Ke Cin Aro



Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan aikina, na san wasu za su ce ina ruwan manomi da ɗan kasuwa da zancen cikin kwamfuta. To a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin zancen ya shafi dukiyar gwamnati, wato dukiyarmu duka.

Ran 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin jami'a a Finlan mai suna Linus Torvalds ya sanar da cewa yana rubuta tsarin da daga baya aka kira Linux. Bayan kwana biyu, ran 27 ga wata, Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka ba Dutse hedikwata. Ke nan Linux da jiharmu da yawancin 'yan ajinmu sa'anni ne. Kyauta ake ba da shi, kowa na iya duba rubutunsa ya gyara, kuma shi ne ƙashin bayan duk wayar Android da ke aljihunanmu.

Malamanmu za su tuna lokacin da littafin lissafi ɗaya ne a laburare, ɗalibai kuwa arba'in. Malam ba ya kwafe littafin a allo, sai ya ce a je a duba shafi na 40, aiki na 3. Haka manhajoji suke yi a Linux. Ayyukan da kowace manhaja ke bukata, irin su buɗe fayil da ɓoye sirrin saƙo, an rubuta su sau ɗaya an ajiye a fayil na tarayya, wanda za mu kira laburaren haɗaka. Sunayensu kan ƙunshi .so, kamar libc.so.6 da libssl.so.3. Manhajar ba ta ɗauke da waɗannan ayyuka a cikinta, sunan littafin kawai ta riƙe. Duk lokacin da aka tayar da ita, wani ɗan aike mai suna ld.so ne zai karanta sunayen, ya je ya nemo su, ya haɗa ta da su a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ta yi ko motsi.

Amfanin haka a fili yake. A watan Afrilu 2014 an gano wata ɓaraka a OpenSSL, aka yi mata laƙabi da Heartbleed, wadda ɓarawo zai iya satar kalmomin sirri ta cikinta. Duk manhajar da ke aro daga laburaren haɗaka ta warke da gyaran fayil ɗaya da sake tayar da ita. Waɗanda suka kwafe laburaren cikin jikinsu kuwa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar ta kan zo ne ta hanya biyu. Ta farko mai sauƙi ce: littafin yana nan amma ba a sa shi a kundin laburare ba. Ɗan aiken yana da wuraren da yake dubawa da wani jerin sunaye da aka tanadar masa. In aka ajiye fayil a wani lungu, zai ce bai gani ba. Umarnin ldd zai nuna abin da ya ɓace, a ƙara sunan lungun a tsarin, a buga ldconfig, shi ke nan.

Ta biyun ita ce ta kawo ni nan. Ku ɗauka an sayo sabon bugun littafin nan, shafi na 40 ya koma wani darasi dabam, malam kuwa ya bar makaranta da takardar darasinsa. Lambar da ke ƙarshen sunan fayil ita ce lambar bugu. A watan Afrilu 2022 Ubuntu 22.04 ya fito da libssl.so.3, ya bar libssl.so.1.1. Duk manhajar da aka gina a kan tsohon bugu, da zarar an sabunta kwamfutar, sai ta ƙi tashi.

Na ga wannan da idona a wani ofishi a nan Dutse. Wani ɗan kwangila ya kawo manhajar ajiye bayanan ma'aikata, aka biya shi, aka yi bikin buɗewa. Abin da ya miƙa shi ne manhajar a dunƙule, asalin rubutunta kuwa ya tafi da shi. Ranar da aka sabunta babbar kwamfutar, manhajar ta tsaya cik, ga ƙarshen wata ya matso, ga ma'aikata daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu suna zuwa tantancewa suna komawa hannu rabbana. Lambar wayar ɗan kwangilar ba ta shiga.

A irin wannan hali akwai dabaru biyu da yaran kwamfuta kan yi, kuma duka ban yarda da su ba. Wani zai ba sabon fayil sunan tsohon, kamar a liƙa wa sabon bugu tsohon bango. Sau da yawa ld.so kan gane ya ƙi, inda bai gane ba kuwa nan ne haɗari, domin manhajar na iya tashi ta rushe ana tsakiyar aiki. Wani kuma zai kwaso tsohon fayil daga intanet ya dasa. Wannan yana aiki, sai dai masu OpenSSL sun daina ba da gyaran kyauta ga bugun 1.1.1 tun 11 ga Satumba 2023. Ke nan an mai da bayanan albashin mutane ɗaki mai rubabben kwaɗo.

Kada kuma a ce sabo kullum shi ne lafiya. A watan Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi a laburaren liblzma, wanda manhajar shigar ke ɗaukowa ta hannun wani laburaren. Allah ya sa bai kai ga yawancin kwamfutocin aiki ba. Tun ranar nake riƙe da jerin duk laburaren da manhajojin ofishinmu ke aro, ina duba shi in an yi sabuntawa.

Gyaran gaskiya shi ne a ɗauki asalin rubutun manhajar, a daidaita shi da sabon bugu, a sake harhaɗa ta. Wanda ya iya, aikin kwanaki ne. Amma sai da rubutun a hannu. Don haka roƙona ga 'yan'uwanmu da ke zaune a kwamitocin ba da kwangila, kuma na ga uku a layin gaba: kada a sa hannu a takardar biya sai ɗan kwangila ya miƙa asalin rubutun da jerin laburaren da manhajar ke bukata, kuma an ga wani ma'aikacinmu ya harhaɗa ta da kansa a kan kwamfutar ofis, ta tashi. Muna da yaran da za su iya, waɗanda suka fito daga cibiyar kwamfuta ta Kazaure da Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Shugaba yana duban agogo, nan zan dakata. Mai tambaya ya same ni bayan an ci abinci.