NA'URAR JI TA BAYAN KUNNE: YADDA AKE AIKI DA ITA DA YADDA AKE KULA DA ITA

(Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Tsanyawa)

 

Jama'a, maganar yau a kan kunne take. Da wuya a sami ƙauyen da babu dattijon da jinsa ya ragu. Ya daina zama a majalisa domin ba ya jin hira. Yana zuwa masallacin Juma'a, amma huɗuba tana wuce shi. A kasuwa a ce masa dubu biyar, shi kuwa ya ji dubu biyu, har rigima ta tashi. Akwai kuma yaron da ake ce wa daƙiƙi a makaranta, alhali karatun ne ba ya shiga kunnensa.

Abubuwan da ke rage ji suna da yawa. Akwai tsufa. Akwai ciwon kunne mai fitar da mugunya. Akwai ƙyanda da hangum da sanƙarau. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kuma da yawa cikin waɗanda suka tashi sun rasa jinsu. Haka kuma ƙarar injin niƙa tana cin kunnen mai aiki da shi a hankali. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya suke bukatar taimako saboda raunin ji.

Ɗaya daga cikin hanyoyin taimakon ita ce na'urar ji. Wasu sun saye ta da kuɗinsu, wasu 'ya'yansu na birni suka kawo musu, wasu kuma kyauta aka raba musu. Amma sau da yawa ba ta rufa wata biyu sai ta koma ƙasan adaka. A ce ta lalace, ko a ce ba ta da amfani. Galibi rashin sanin yadda ake riƙe ta ne ke jawo haka. Na'urar ji kamar saniyar noma take. Wanda ya kula da ita kullum zai more ta shekara da shekaru.

Yadda take

Irin wadda aka fi gani ita ce wadda ake ratayawa a bayan kunne. Tana da kashi uku. Na farko shi ne jikinta, wanda yake zama a bayan kunne. A cikinsa akwai ɗan makirfo mai kama sauti, da abin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, da ɗan lasifika, da ɗakin batir. Na biyu shi ne siririn tiyo mai kai sautin. Na uku ita ce robar da ke shiga ramin kunne. Ita robar, daidai da kunnen mai ita ake yin ta, bayan an ɗauki awon kunnensa a asibiti.

Na'urar ba magani ba ce, kuma ba ta mayar da kunne sabo. Aikinta shi ne ta ƙara wa sauti ƙarfi, kamar yadda tabarau yake taimaka wa ido.

A fara da asibiti

Kafin a sayi na'ura, a je asibitin da ya fi kusa a duba kunne. Wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi, da an fitar sai ya ji garau. Wanda yake bukatar gwaji za a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai wannan sashe a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk a birnin Kano. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Bayan gwaji ne ake saita na'ura daidai da raunin kunnen mutum.

Saboda haka a guji wadda ake tallanta a kasuwa ba tare da gwaji ba. Ƙararta tana iya yin yawa har ta cinye ɗan jin da ya rage. Kada kuma wa ya ari ta ƙane, ko maƙwabci ya ari ta maƙwabci. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ciwon kunne yana iya bin robar ya kama wani.

Yadda ake sa ta

Mai na'ura ya zauna a kan tabarma ko katifa, domin ko ta suɓuce ba za ta fashe ba. Hannunsa ya zama a bushe, ba mai, ba tuwo. Wanda yake da guda biyu ya duba alama. Mai jan ɗigo ta kunnen dama ce. Mai shuɗin ɗigo ta kunnen hagu ce.

Ya kama robar ya tura ta cikin ramin kunne a hankali, yana ɗan murza ta baya har ta zauna daram. Sannan ya rataya jikin na'urar a bayan kunne. Bayan haka ya kunna ta. A mafi yawansu rufe ƙofar batir shi ne kunnawa, buɗe ta kuma shi ne kashewa. Idan tana da abin ƙara murya, a bar shi inda ma'aikacin asibiti ya nuna. Kada a ƙure shi.

Sabo sai a hankali

A kwanakin farko komai zai zo wa mutum baƙo. Zai ji muryarsa kamar yana magana cikin tulu. Zai ji kukan kaji da ƙarar taɓarya da motsin takalmi sun dame shi. A nan ne da yawa suke fushi su cire ta. Wannan ba lalacewa ba ce. Kunne ya daɗe bai ji waɗannan abubuwa ba, sai ya sake koyo.

To, a fara da awa biyu ko uku a rana, a cikin gida, ana hira da mutum ɗaya. Kullum a riƙa ƙara lokaci. Bayan an saba da gida sai a fita majalisa. Kasuwa da gidan biki su ne na ƙarshe. Sabon yakan ɗauki makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Maƙiyanta uku: ruwa, ƙura da zafi

Ruwa shi ne babba. Musulmi yana alwala kullum, kuma shafar kunnuwa tana cikin sunnonin alwala. Don haka kafin a taɓa buta, a cire na'ura a sa ta a aljihu. Kada a ajiye ta a ƙasa kusa da buta. Idan an gama, a tsane kunne da ƙyalle sannan a mayar. Haka za a yi lokacin wanka da wanke kai, da in hadari ya taso ana gona. Mai jan ruwa a rijiya da mai shiga masai su ma su cire ta tukuna, domin abin da ya faɗa can ya tafi ke nan. Gumi ma ruwa ne. Manomin da ya wuni yana huɗa ko noma ya riƙa goge bayan kunnensa.

Ƙura ita ce ta biyu. Ramin makirfo bai fi kan allura ba, abu kaɗan yake toshe shi. A cire na'ura lokacin sussuka da sheƙa da casa, da kuma wurin injin niƙa. Da hunturu kuwa, a ƙara yawan goge ta. Man kitso da man shafawa da turaren fesawa su ma suna toshe ta. A gama shafa tukuna, a goge hannu, sannan a sa.

Zafi shi ne na uku. Kada a bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko a kan taga.

Idan tsautsayi ya sa ta faɗa ruwa, a cire batir nan da nan. A goge ta, a bar ƙofar batir a buɗe ta kwana tana bushewa. Kada a shanya ta a rana, kada a gasa ta a wuta. Da safe a sa sabon batir a gwada.

Aikin kowane dare

Ba a barci da na'ura. Kafin a kwanta a yi abubuwa huɗu.

1. A goge jikinta da robar da busasshen ƙyalle mai laushi.
2. A duba ramin robar. In datti ya toshe shi, a fitar da ɗan burushin da aka bayar tare da ita. Kada a yi amfani da allura.
3. A buɗe ƙofar batir a cire batirin.
4. A sa na'urar cikin gidanta ko cikin kwalba mai murfi, a ajiye a sama inda yara da ɓeraye ba su kaiwa.

Da damina laima takan yi yawa. Akwai ɗan ƙullin nan mai shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. A jefa biyu ko uku cikin kwalbar, amma kada a bari yara su taɓa su.

Aikin kowane mako

Sau ɗaya a mako, misali daren Alhamis, a zare robar da tiyonta daga jikin na'urar. A wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye. A yarfe ruwan da ke cikin tiyon, a bar su su kwana su bushe sarai, sannan a mayar. Robar da tiyo kaɗai ake wankewa. Jikin na'urar ba ya shiga ruwa har abada. Mai guda biyu ya wanke ɗaya bayan ɗaya, don kada su cakuɗe.

Tiyon yana tsufa. Bayan wata huɗu zuwa shida yakan yi tauri, ya yi ruwan ɗorawa, ko ya tsage. Sai a kai asibiti a canza shi.

Maganar batir

A nan ne karatu da lissafi suke amfani. Batirin na'urar ji yana da lamba. Na bayan kunne sun fi aiki da lamba 13, mai takarda ruwan goro, ko lamba 675, mai shuɗiyar takarda. Mai na'ura ya rubuta lambar nasa ya ajiye, domin duk wanda zai aika Kano ya sayo daidai. A kuma karanta ranar lalacewa a jikin kwalin.

Wannan batir da iska yake aiki. Takardar da ke manne a bayansa ita ce murfinsa. Da zarar an ɓare ta ya fara ƙarewa, ko an sa shi ko ba a sa ba. Saboda haka kada a ɓare sai za a yi aiki da shi. In an ɓare a jira kamar minti ɗaya kafin a sa.

Lamba 13 yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Lamba 675 yakan fi haka daɗewa. A rubuta ranar da aka sa sabo a jikin kalanda, a ga kwana nawa yake yi. Idan yana kwana 10, shekara za ta ci batir 37. Mai kunne biyu zai bukaci ninkin haka. Mai dabara yakan ware kuɗin batir tun da kaka, lokacin da ya sayar da gyaɗa ko wake. Akwai kuma na'urorin da ake yi wa caji kamar waya. Su ma a riƙa yi musu caji kowane dare, ko da da sola ne.

Ga wani gargaɗi babba. Batirin ƙarami ne, ya yi kama da ƙwayar magani. Kada a ajiye shi wuri ɗaya da magani. Kada a jefar da tsoho a tsakar gida ko cikin wuta. Idan yaro ya haɗiye shi, ko ya tura a hanci ko a kunne, a garzaya da shi asibiti nan take. Yana iya ƙona cikin jiki cikin 'yan awoyi.

Idan ta ba da matsala

Idan ta yi shiru, a kunna ta a dunƙule ta cikin tafin hannu. In ta yi fito, tana da rai. In ba ta yi ba, a canza batir, a duba ko an sa shi a juye, a duba ramin roba da tiyo.

Idan tana fito a kunne, robar ce ba ta zauna ba, ko tiyo ya tsage, ko datti ya cika kunne. Rawani ko ɗankwali da ya danne ta shi ma yana sa fito.

Idan an yi duk wannan ba ta gyaru ba, a mayar da ita inda aka samo ta. Kada a ba mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya ya buɗe ta.

Idan kunne yana ciwo, ko yana fitar da ruwa, a cire na'ura a je asibiti. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya kada ya kwana biyu bai ga likita ba. Kada a ɗiga manja ko ruwan ganye a kunne. Kada a sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza.

Aikin iyali

Na'ura ta fi aiki idan mai magana yana kusa, kamar taku biyu ko uku. A kira sunan mutum tukuna, a fuskance shi. Da dare hasken fitila ya zama a fuskar mai magana. A rage rediyo. Kada a yi ihu, domin ihu ta cikin na'ura zafi yake yi. In bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomi. Kada kuma a yi masa dariya. Wanda ya sa tabarau ba a zolayarsa, to haka ma wannan.

Yaro kuwa, uwa ce za ta riƙa gwada na'urarsa kowace safiya. A ɗaura mata zare a maƙale a rigarsa. Kunnen yaro yana girma, don haka robarsa sai an riƙa sake ta. A roƙi malami ya zaunar da shi a gaban aji. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi gwajin ji da wuri. Wanda na'ura ba ta isar masa ba, kada a bar shi a gida. Akwai maganar hannu, kuma akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ke koyar da kurame.

Daga ƙarshe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Duk gidan da ke da na'ura a ƙasan adaka, a fito da ita a goge ta, a sa sabon batir, a sake gwadawa. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. Malaman azuzuwa su riƙa tuna wa ɗalibai wannan darasi idan ta zagayo.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kare kunnuwan yara da manya. Amin.