Ajin zana da dokar 1998: nauyin makaranta a wuyan wa yake?

Jawabin da ɗaya daga cikin marubutan wannan jarida ya yi a Guci, cikin gundumar Dungas, gaban uwayen yara, malaman makaranta, ƴan kasuwa da ma'aikata, ana dab da komawa karatu.



An ce in yi magana a kan dokokin ilimi. Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: doka ai abin Yamai ce, can ake rubuta ta da Faransanci, can ake gardama a kanta, kafin ta yi tafiyar kusan kilomita 1000 ta iso Guci ta gaji. Saboda haka zan fara da abin da kowa a nan ya sani.

A takarda, makarantun ƙasar nan suna buɗewa a farkon watan Oktoba. Amma a ƙauyukanmu da yawa aji ba ya samuwa sai an girbe gero, an sare kara, an yanko gamba an saƙa zana, sannan uwayen yara su kafa runfa. Kafin a gama, Nuwamba ta shiga, wani wuri har ta fita. Ruwan farko kuma idan ya zo da iska, runfar ta tafi, shekarar karatu ta tafi tare da ita. Yaron da ke cikin ajin siminti a birnin Damagaram da yaron da ke cikin ajin zana a nan, jarrabawa ɗaya za su zauna. Tambayata ita ce: wane ne doka ta ɗora wa gina wannan aji?

Dokar da ta tsara ilimi a Nijar ita ce mai lamba 98-12, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, zamanin Janar Bare Mainasara. Malamai sun san ta da suna LOSEN. Ba daga sama ta faɗo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ke matsa wa gwamnati ta rage kashe kuɗi, ta rage alawus ɗin ɗalibai, ta raba aji gida biyu, wasu da safe wasu da marece, malami ɗaya na koyar da su. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu bisa lissafin hukuma. Jinin nan yana cikin abin da ya kai mu Taron Ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu barkatai. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya riƙa makara wata da watanni, yajin aiki ya zama ruwan dare. Cikin wannan hali na baitulmali babu ko dala aka rubuta dokar, kuma ana ganin alamar haka a jikinta.

Farkonta yana da daɗin ji. Ta ce ilimi hakkin kowane ɗan Nijar ne, kuma gwamnati ta lamunce ilimi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sai an kai wajen kuɗi, a aya ta 60, za a ga an raba nauyin tsakanin gwamnati, ƙananan hukumomi, uwayen yara, ƙasashe da ƙungiyoyi masu ba da taimako, da kamfanoni. Gine-gine suna cikin kason gwamnati. Gine-gine suna cikin kason ƙananan hukumomi. Gine-gine suna cikin kason masu taimako. Uwaye kuma an ba su kayan karatu da kula da makaranta. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai idan aka tara mutum biyar ba a ce wane ya kama nan, wane ya kama can ba, jinkar tana ƙasa har damina ta same ta. Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan: bashin da aka rubuta da sunan mutum biyar ba tare da an ce kowa nawa zai biya ba, sunansa asara.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai su koyar, daga baya suka zama malaman kwantaragi, waɗanda ake biya ƙasa da ma'aikacin dindindin nesa ba kusa ba. Da shirin raya ilimi na shekara goma da aka fara a 2003, makarantu suka yawaita ƙwarai, har ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba suka samu. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye shi ba. Amma an buɗe makarantu fiye da yadda aka gina azuzuwa, an ɗauki malamai fiye da yadda aka horar da su. A 2017 ministan ilimin firamare Dauda Mamadu Marte ya sa aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, ƙungiyoyin malamai suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja, aka sallami dubbai. Ni ban ga laifin auna malami ba. Abin da ban ji an tambaya ba a lokacin shi ne wa ya ɗauke su aiki ba horo, kuma shi wa zai yi masa jarrabawa.

A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da ƙuduri na miƙa wa ƙananan hukumomi iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ginin makarantun firamare da gyaransu ya koma hannun magajin gari. Da ma haka ya kamata, domin wanda ke zaune a Guci ya fi na Yamai sanin ajin da ya faɗi. Amma ikon ya riga kuɗin isowa. Ƙaramar hukuma irin tamu, wadda ba ta da ma'adini ko masana'anta, abin da take samu shi ne harajin kai, da na kasuwa, da na dabbobi. Wato aljihunku. Tun watan Afrilu na 2024 kuma aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Nauyin dai yana nan inda aka aje shi.

Ba ƙaramin abu ba ne ajin zana. A Afrilun 2021 gobara ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka ƙone, akasarinsu ƴan ƙanana. A Nuwamban shekarar, a Maraɗi, fiye da 20 suka sake tafiya haka. Allah Ya jiƙansu. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan ajin renon yara cikin zana. Hanawa ba ta da wuya, takarda ce da sa hannu. Bulo da kwano su ne masu tsada.

Yawancinku kuna cin kasuwar Maigatari, wasu har Kano suke sayayya, don haka bari mu leƙa ƙetaren iyaka, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nijeriya tarayya ce, jihohi na da nasu iko a kan ilimi. A 2004 suka yi dokar ilimin bai-ɗaya wadda ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne. Dokarsu ta fi tamu ƙarfin hali a wuri ɗaya: ta faɗi adadi. Ta ce gwamnatin tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, jiha kuma ba za ta karɓi rabonta ba sai ta kawo kwatankwacinsa daga aljihunta. Ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, daga gargaɗi zuwa tara ko ɗauri. Duk da haka, shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda wasu gwamnoni sun ƙi kawo nasu kason, yara kuma na gararamba a titi. Tsarin mulkinsu na 1999 ya sa maganar ilimi kyauta cikin babin da ba a kai ƙara a kansa. Wata ƙungiya mai suna SERAP ta kai gwamnati kotun CEDEAO, kotun ta yanke a 2010 cewa ilimi hakki ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban alƙali. Mu kam wannan ƙofa ta rufe mana, tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Abin da na ɗauka daga nasu shi ne, adadi a cikin doka ba ya gina aji da kansa, amma yana sa a san gwamnan da za a nuna da yatsa. A tamu babu wanda za a nuna.

Akwai alkawari na biyu a cikin dokar 1998 da ya kamata ku sani, domin ciwonsu ɗaya da na farko. Dokar ta ce a firamare da harshen uwa za a koyar da yaro, Faransanci ya zama darasi tun daga ajin farko. Wannan ba sabon tunani ba ne: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa, a 1973. Fiye da shekara 50 ke nan, yawancin yaranmu har yanzu da Faransanci ake tarbarsu ranar farko. Ni da ke gabanku da Faransanci na yi karatu har jami'a, ban raina shi ba, shi nake ci da shi. Amma ban manta shekarun farko da na yi ina maimaita kalmomin da ban san ma'anarsu ba, da bulalar da ake sha idan Hausa ta kuɓuce daga baki. Kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wasu sun yi murna, wasu daga cikin masu sauran harsuna sun ji an bar su a baya, kuma bai kamata mu Hausawa mu toshe kunne ba, tun da a rugagen da ke kewaye da mu akwai yaran da Fulatanci suka tashi da shi. Amma ko murna ko fushi, aji ba ya canza harshe da ayar kundi. Sai an buga littattafan lissafi da kimiyya da Hausa, an horar da mushe ya iya rubuta ta daidai, an shirya jarrabawa da ita. Nijeriya ta yi shelar koyarwa da harshen uwa a 2022, ta soke a ƙarshen 2025.

To, me ya rage mana? Ba na cewa ku daina kafa runfa. Idan kuka daina, ƴaƴanku ne za su zauna a rana, ba na minista ba. Abin da nake cewa, ku daina kafa ta shiru. Kowace makaranta na da kwamitin da uwaye da malamai ke ciki. Kwamitin ya ƙirga azuzuwan zana na bana, ya rubuta abin da uwaye suka kashe na kara, itace da igiya, a jika da dala, ya kai wa kantoma da sufeton makarantu a rubuce, ya riƙe kwafi. Ku ƴan kasuwa da ake yankar wa tikiti kowace ranar kasuwa, ku nemi a liƙa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a ƙofar ofishi, a ga nawa ya shigo, nawa aka sa wa makaranta, nawa Yamai ta aiko cikin abin da ta yi alkawari. Wannan ba tawaye ba ne, lissafi ne, kuma babu ɗan kasuwar da ke jin kunyar tambayar yaron shagonsa lissafi. Ku kuma ma'aikata, ku ne kuka iya karanta dokar. Ku fassara wa uwaye aya ta 2 da ta 60 da Hausa, domin wanda bai san an yi masa alkawari ba, ba ya zuwa neman cikawa.

Idan kuma aka zo sake rubuta dokar ilimi, abin da zan so a aika daga Guci layi biyu ne. Na farko, a faɗi mutum ɗaya da ginin aji ke wuyansa, da kason kuɗin da zai ware kowace shekara. Na biyu, a faɗi inda uba zai kai kuka idan Oktoba ta zo babu aji.

Na ga liman yana duban rana. Nan zan dakata, in akwai mai tambaya ko gyara, bayan salla ina nan.