Ina Alƙur'anin Dirki Ya Shiga? Jawabin Mai Sharhi a Bikin Ƙaddamar da Littafi

 

An ɗora mini nauyin sharhin littafin da ya tara mu yau, na kuwa karɓa hannu bibbiyu, domin marubuciyar ta tono abin da masu ƙirƙirar labari ba su cika waiwaya ba, wato Dirki.

Dirki wani ƙunshi ne naɗe cikin fatu da sarakunan Kano na kafin jihadi suke girmamawa, har ana yi masa yankan shanu. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781, ya ƙi ba da shanun, ya sa aka fasa ƙunshin da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. A 1807 mulkinsa ya ƙare. A daidai nan marubuciyar ta tsaya ta yi tambaya: to, ina Alƙur'anin nan ya shiga?

Kan wannan tambaya ta gina soyayyar mutum biyu. Budurwar jikar masu ajiyar littattafai ce a cikin birni, saurayin kuma ɗalibin tarihi ne da ya zo neman izinin duba takardun gidansu. Ina roƙonku ku karanta babin da kakarta ta ciro tsohuwar gafaka daga ƙasan adaka, igiyar ta bushe har tana karyewa, gara ta cinye gefen takardun, yarinyar tana bin ajamin da yatsa tana karanto masa domin shi boko kaɗai ya iya. A wannan zama so ya shiga, ba a bakin ƙofa wajen zance ba. Daga nan sai hanya ta ja su zuwa Agadas, har Timbuktu, garin da a 2012 iyalai suka riƙa ɓoye littattafan kakanninsu a akwatunan ƙarfe suna kai su Bamako don tsoron masu ɗauke da makamai.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1934 Abubakar Imam ya tura tauraron littafinsa, Alhaji Imam, neman ruwan Bagaja. A wajen Turawa kuma akwai King Solomon's Mines na Rider Haggard a 1885, da The Da Vinci Code na Dan Brown a 2003, wanda ya sayu miliyoyi, ya kuma ɓata wa Kiristoci da yawa rai saboda ya cakuɗa ƙage da tarihin addininsu har mai karatu ya kasa rarrabewa.

Nan ne nake jinjina wa 'yar'uwarmu. Ta ƙagi masoya, ta ƙagi miyagun dillalan kayan tarihi, amma ba ta ƙaga wa addini komai ba. Alƙur'anin da ake nema ba ya tashi sama, ba ya buɗe taskar zinariya. Darajarsa ita ce abin da ke rubuce a ciki, da hannayen da suka tsare shi. A bayan littafin kuma ta ware abin da tarihi ya faɗa da abin da ta ƙara. Ƙorafina ɗaya ne: an yi gaggawa a babin Agadas, ya kamata a faɗaɗa shi a bugu na biyu.

Iyayenmu masu gafakoki a gida, don Allah ku fito da su a ɗauki hotonsu kafin gara ta gama da su. Ranka ya daɗe babban mai ƙaddamarwa, littafin nan ya cancanci a buɗe masa baki da tsoka. Bismillah.